Numfashin Tauraruwa

Ranar da ta sauka Yawuri
a bayan ɗan kabu-kabu,
rungume da dogon bututu
naɗe cikin bargo kamar jinjiri,
'yan tasha suka ce bindiga ce.
Ta ce madubi ne.
Suka ce, wace fuska ke da tsawon haka?

Dakta Kuluwa 'yar Ɗanjumma,
ɗiyar masunci daga tsibirin Gungawa.
Ubanta bai taɓa riƙe alƙalami ba,
amma in Kaza ta ɓuya da 'ya'yanta
ya san damina na ƙofa,
sai ya zauna ɗinkin koma.
Daga cikin kwale-kwalensa ta fara ɗaga kai,
har wuya ya saba.

Shekara goma sha ɗaya ta yi
a kan wani dutse mai sanyi, can ƙetaren teku,
tana gadin tauraruwa guda
wadda ba ta da suna, sai lamba.
Ta yi haske, ta dushe, ta yi haske,
duk kwana huɗu da awa tara.
Kuluwa ta ƙirga wannan numfashi
kamar ungozoma a kan mai naƙuda,
ta auna nisanta da shi,
ta rubuta, aka buga, aka tafa,
sannan ta naɗe kayanta ta dawo gida.

Ni na zauna ajinta, benci na ƙarshe,
kusa da tagar da ba ta da marfi.
Lissafi bai taɓa sona ba.
Amma na tuna daren da aka ɗauke wuta,
gari duk yana tsaki,
ita kaɗai tana murna:
"Ku fito! An buɗe mana littafi!"

Ta ba Manu fitilar ƙwai,
ta ce ya yi ta tafiya har ƙarshen filin ƙwallo.
Wutar ta koma ƙwayar gero.
"Fitilar ce ta rage?" Muka ce a'a.
"To haka nisa yake yi wa gaskiya."

Da na kafa ido a bututun
hannuna na rawa,
ta ce, "Hasken nan da ya shiga idonka
ya baro gida
tun kakan kakan kakanka bai iya filafili ba.
Bai tsaya ko'ina ba.
Kai ya zo wa.
Ka gaishe shi."
Na ce, sannu da hanya.
Ajin ya fashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

Na faɗi jarrabawa, ba zan ɓoye ba.
Manu yana koyarwa a Aliero,
Tabawa ta tafi inda malamarmu ta taɓa zuwa.
Ni injin jirgin ruwa nake gyarawa,
farcena baƙi ƙirin da mai.

Yanzu yana ta rufe idon Dakta.
Gamzaki ma, mai tashin asuba,
sai dai ta ji labarinsa.
Duk daren da sama ta wanke fuska
nakan ɗauki bututun zuwa bakin Kwara,
in shimfiɗa mata tabarma kusa da masu bandar kifi,
in buɗe tsohon littafinta mai warin kananzir.

"Ta dushe?"
"Saura kaɗan, Malama."
"Ƙarfe nawa?"
"Ɗaya da kwata."
Ta yi shiru, leɓenta na ƙirga.
"Ta makara da minti uku. Rubuta."

In rubuta, da yatsun da suka saba da sifana.
Kwaɗi na ta gardama a cikin burgu,
wani jirgi ya wuce da buhunan albasa,
ita kuwa fuskarta na sama,
daidai wurin,
ba ta kuskure ko da taƙi ba.