Hannuna Ya Yi Barci Ya Bar Ni

Ruwa ya kwana yana dukan rufin asibitin Castro.
Ni Eleuterio, masassaƙin jirgin ruwa daga Dalcahue,
shekara sittin da huɗu ban taɓa kwantawa ido biyu
wani na aiki ina kallo ba.

Zarto ne ya ci amanata ranar Laraba.
Ya bi ta gindin babban yatsa, ya tsinke igiya biyu
cikin waɗanda ke naɗe hannu ya zama dunƙule.

Likitar ta shigo da takalmin roba ruwan goro.
Ximena Oyarzo, ta ce, aikina tare zafi a hanya.
Huhunka ya sha taba da ƙurar katako,
ba zan sa ka barci duka ba.
Hannun kaɗai zan kwantar. Kai ka zauna da mu.

Ta shafa min abu mai sanyi a kwarin wuya,
ta ɗora kan na'ura, ta juyo min allon.
Toka-toka, kamar teku kafin asuba.
Ga jijiyar jini tana bugawa, ta ce, ba ma taɓa ta.
Ga haƙarƙarin farko. Ƙarƙashinsa huhu, can ma ba ma zuwa.
Waɗannan 'yan ƙwayoyin da suka taru kamar nonon inabi,
su ne masu kai ƙara wurin ƙwaƙwalwa.

Na ga allura ta leƙo daga gefen allo,
siririn farin layi, tana lallaɓawa
yadda nake ratsa duwatsu da jirgi in ruwa ya janye.
Ta tsaya. Ta ɗan ja baya. Ta tura.
Baƙin ruwa ya kewaye ƙwayoyin, ya mai da su tsibiri.

Da farko ɗumi.
Sai yatsu suka yi kauri kamar na aro safar wani.
Ta ce ɗaga.
Na yi sallama, ba wanda ya amsa.

Suka ja koren ƙyalle tsakanina da kafaɗata.
Da an ba ni rantsuwa, da na rantse
hannuna na nan kan ƙirjina inda na bar shi.
Sai ga wani hannu an ɗaga sama da labule,
an shafe shi da magani, jawur, yana reto.
Na ce na wane bawan Allah ne wannan?
Nas ta yi dariya: duba tabon ƙugiya a gwiwar.

Nawa ne.
Ban taɓa ganinsa daga nesa ba.
Tun ina ɗan sha biyu yake riƙe da gizago.
Shi ya rufe idon Orfelina.
Shi ya mari Baldomero sau ɗaya a bakin gaɓa, gaban mutane,
baki kuma ya kasa gyara abin da ya ɓata.
Ga shi yau a tafin baƙi,
ba ƙarfi, ba gardama.

Bayan labule ƙarfe na taɓa ƙarfe.
Likita Ximena ta jawo kujera kusa da kunnena
tana tambayar wane itace ba ya ruɓewa a ruwan gishiri.
Na yi ta zuba. Daga baya na gane
numfashina take ƙirgawa.

Ta ce ka kula da shi kamar jariri.
Kada ya kusanci murhu, bai san wuta ba yanzu.
Sha ƙwayar tun bai farka ba.

Ƙarfe uku na dare tururuwa suka fara
daga ɗan ƙaramin yatsa, suka hau.
Bayansu zafi, da kayansa duka.
Na cije leɓe. Ban kira nas ba tukuna.
Baldomero na gyangyaɗi a kujera, rigarsa jiƙe,
ya tallafe gwiwar da tafinsa don kada ta zame,
kuma na fara jin ɗumin tafin.