Alwatikar Baba Tanimu

Shekara ashirin da biyu yana zanen furen atamfa
a masaƙar Kakuri, kafin a garƙame ƙofar da kwaɗo.
Abin da ya fito da shi: almakashi ɗaya,
da tarin da ba ya jin magani, da wannan wasa.

Wata la'asar, ruwa ya hana mu fita,
ya yanko faifai uku daga baƙin kwali,
kowanne ya ɓalle masa baki kamar an gatsi waina,
ya jera su kan farar takarda, baki na duban baki.
"Hajo, me kika gani?"
Na ce alwatika ce, fara fat, har ta fi takardar haske.
"To taɓa gefenta."
Na sa yatsa. Babu tawada, babu ko ƙarzon farce.
Ya murɗa faifai guda, ta ɓace kamar an hure fitila.
Ya mayar da shi, ta dawo ba ko sallama.

"Ido tela ne," in ji shi, "bai iya ganin giɓi ya ƙyale ba.
Ba shi kusurwa uku, ya ɗinke saura da zaren da babu.
Rabin furen da muka sayar wa matan garin nan
su suka ƙarasa zanen da idonsu,
mu muka karɓi albashi."

Shekarar da yanar ido ta kai mu asibitin hanyar Mando
na ba likita labarin. Ta ce aikin ba na ido ba ne,
can ta wajen ƙeya ake yin sa:
in gefuna suka daidaita, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka
wani abu ne ya tare gabansu, ta shata masa iyaka.
Baba ya ce, "Ashe telan a shagon baya yake zama."

Yau kwana arba'in.
Takalmansa na bakin tabarma,
rediyo daga dama, inda hannu ke kaiwa,
tabarau kan matashi, hula a ƙusa.
Na san dabarar. Na san babu layi.
Amma daga bakin ƙofa
ga kafaɗa, ga lanƙwasar gwiwa,
wurin har ya fi sauran ɗakin haske.

Goggo Delu ta shigo da tsintsiya,
ta sunkuya za ta ɗauke takalman.
Na riƙe mata hannu.
Na ce ta bari sai gobe.