Fangali Huɗu

Ranar da takardar ƙarin girma ta iso
ina ɗakin gwajin jini, hannu cikin safa.
Shekara bakwai ina jiranta,
amma kafin azahar murnar ta yi tsami,
don Nomau mai gadi ya tare ni bakin ƙofa:
"Arzika, ka hau bene, ka shiga sahun manya,
yanzu haraji zai yi maka aski har gira.
Gara ni da ke ƙasa, ba mai ganina."

Na kwana ina lissafi a bayan kwalin magani:
kuɗin makarantar Hajo, man babur,
bashin takin bara da bai mutu ba.
Duk inda na ja biro sai in faɗa rami.

Da safe na hau ofishin akanta.
Malama Ige na ɓarar gyaɗa bisa fayil,
fanka na kuka a kanta kamar tsohuwar akuya.
Ta ji ni har ƙarshe, ta karkaɗe hannu.
"Kana noman rani?"
Na ce fangali huɗu gare ni, ƙasan Matan Fada.
"In ka tada inji, ina ruwa ke fara zuwa?"
Na farko mana. Sai ya ƙoshi
ya tsallake kunya ya gangara na biyu.

"To albashinka ke nan," in ji ta.
"Kafin a saki ruwa an ware na fansho.
Fangalin farko na tukunya ne,
hukuma kan ɗauke kai daga gare shi.
A na biyu ta sa tafin hannu,
a na uku ta zo da ludayi,
na huɗu kuwa ƙwarya ce, ba na ɓoye maka.
Amma ƙwaryar nan, ruwan da ya kai can
shi kaɗai take ɗiba.
Ba ta komowa baya ta sha na farko.
Kai ko jiya ka jiƙa bakin na uku."

Na ce, to wa ke shan wanda aka ɗiba?
"Inda kake kwana, can kake biya.
A Argungu kake rufe ƙofa,
naka Birnin Kebbi zai nufa.
Ƙanenka Labbo, mai kakin 'yan sanda a Kamba,
ko akushi ɗaya kuke sa hannu,
nasa Abuja ke karɓa.
Mudun ɗaya ne, tarayya ta sassaƙa shi,
masu riƙe bakin buhu ne suka bambanta."

Ta ja kalkuleta mai tsagaggen gilashi,
ta buga, ta juyo mini da fuskarta.
Abin da ya saura ya fi na wancan wata.
Bai kai sayen saniya ba,
amma zai kashe bashin taki kafin girbi.

Na miƙe, sai na sake zama.
Na ce, Malama, janaretan asibiti
kwana tara ke nan bai ga mai ba,
jini na lalacewa cikin firji.
Ludayina ina ya zube?
Ta daɗe tana duban ɓawon gyaɗa.
"Wannan ba ya cikin fayil ɗina.
Adana takardar albashinka, kar ka naɗe ƙosai da ita.
Wanda aka ɗebar wa
shi ke da bakin tambaya."

Da yamma na sauka fadama na tada inji.
Na tsuguna ina kallon ruwa
yana cika na farko a natse,
yana laluben kunya, yana tsallakawa.
Gobe zan faɗa wa Nomau,
in ya yarda ya saurara.