Taswira a Bayan Shadda

Uwani ta dawo da aikin gida:
a zano ƙasa guda daga tsakiyar Afirka.
Na ture wandon Davou gefe,
na juya bayan shaddar wani, na ɗauki allin yanka.

Ga ta nan, na ce, kamar fatar akuya da aka shanya a karkace.
Ba ta da teku. Duk inda kika dosa ƙofar wani ce:
Chadi a bisa, Kamaru a yamma,
Sudan biyu ta gabas, Kwango biyu a ƙasa.
Tsakiyarta tudu ne, sai dai bai kai Jos sanyi ba.
Ruwa in ya sauka a nan rabuwa yake,
rabi ya bi Shari zuwa Tafkin Chadi,
rabi ya bi Ubangi ya shige kurmi.
Ban gaya mata haka ƙasar ta yi da 'ya'yanta ba.

Bafaranshe ya raɗa mata sunan kogunan nan biyu,
ya kwashi roba da auduga,
ko taku ɗaya na layin dogo bai bari ba.
A sittin aka ɗaga tuta mai launi biyar,
kakanki Jatau ya ɗinka guda talatin a dare ɗaya,
har ya rasu yana bin kuɗin.

Sai wani soja ya ga kaki ya yi masa kaɗan.
Aka ƙera masa kambi,
da kujera siffar mikiya, da dawakai daga Turai,
a garin da asibiti ke neman auduga.
Ya ce yara su sayi rigar makaranta daga shagon gidansa.
Suka ƙi. Wasu ba su koma gida ba.
Kambin bai cika shekara biyu a kansa ba.

Bayan shi kuma?
Rubuta kawai: mai bindiga ya tashi, mai bindiga ya zauna.
Lu'ulu'u na fita a aljihu,
rediyo na kiɗan soja da asuba.

A Kilomita Biyar aka yanke mini cibiya.
Da Sango nake ciniki, da Hausa nake mafarki,
yanzu abin ya juye.
Ranar da aka fara tambayar mutum sunansa kafin a sare shi,
Maman Solanj ta tura mu bayan buhunan rogo,
ta zauna a ƙofa tana tsefe kai
kamar ba kowa.
Kina goye, ko tari ba ki yi ba.

Jirgi ya sauke mu Abuja.
Mai rajista ya ce, wace jiha?
Na ce Filato, don na taɓa jin Jatau na zancen kuza.
Na zo na tarar nan ma akwai gadar
da mai keke ke tsayawa ya ce iyakarsa ke nan.

Har yau tef ɗina santimita ne,
mutanen Gangare kuwa inci suka sani.
Kullum sai na yi lissafi kafin in sa almakashi.

Ta ce, Baba, ina gidanmu a ciki?
Na ɗiga alli a gwiwar kogi.
Ta kwafe a littafi, har da ɗigon.

Mai shadda zai zo bayan la'asar.
Na sa hannu na kakkaɓe.