Motar da ke Haɗiye Hayaƙinta

Ran da aka kawo ta Tawa, fara sol kamar ƙwai,
na tsuguna bayan salansa ina jiran hayaƙi.
Babu.
Tsohuwar da na tuƙa shekara goma sha ɗaya
in ta yi tari har kajin unguwa sai sun watse,
wannan kuwa ko atishawa.

Nomau makanike ya shige ƙarƙashinta da tocila,
ya fito yana murza tsumma a hannu.
Ya ce, ba hayaƙin ta rasa ba, Shekarau,
haɗiyewa take.
Rariya ce a cikinta, ƙofofi kamar saƙar zuma,
duk baƙin da gazwal ya haifa, nan yake kwana.
In ya taru ta hura wa kanta wuta ta ƙone shi.
Amma ba ta yi a tsaye, ba ta yi da rarrafe,
sai doguwar hanya, sai inji ya ɗau zafi.

Da fari kilomita ɗari shida
kafin ta nemi wankan wuta.
Lokacin muna kai siminti Abalak,
mu sauka Galmi mu cika ta da albasa.
Sai Alhaji Arzika ya buɗe shago na biyu,
aiki ya dawo cikin gari.
Sito zuwa kasuwa, kasuwa zuwa tasha,
kunna, kashe, bi bayan amalanken jaki.
Ɗari huɗu.
Ɗari biyu da hamsin.
Yanzu ba a kwana biyar
sai fitilar nan ruwan ɗorawa ta buɗe ido
tana kallona, ba ta ƙiftawa.

Alhaji ya ce, wace irin mota ce
ke son yawo da baya fayau?
Mai na ƙarewa, kaya ba su motsa ba.
Yana magana, idonsa na kan aljihuna.
Shekara goma sha huɗu ina riƙe masa makulli.
Na ce, haka ne, Alhaji.
Na haɗiye.

Nomau ya ce a ba shi jika arba'in da yini guda,
ya farke cikin, ya zare rariyar,
fitila ta mutu har abada, kowa ya huta.
Na tuna bakin sito inda nake juya baya kowace safiya,
Tsahara mai waina na zaune daidai nan,
goyonta na barci, hancinsa tsayin salansa.
Na ce masa a bari tukuna.

Alhamis bayan la'asar na kama hanyar Tabalak, ni kaɗai.
Na wuce shingen ƴan sanda, na saki ƙafa.
Kwalta ta cinye nan da can, ina kauce wa ramuka
ba tare da na bar allura ta sauka ba.
Muryar inji ta sake, ta yi kauri,
wari ya taso kamar maƙera.
Ta fara.

Ni ma na ɗaga gilashi.
Na ce, Alhaji, ran da aka yi wa ɗanka aiki a Galmi
wa ya kwana uku a cikin mota?
Na ce, Alhaji, ƙirga litarka.
Na faɗi wasu da ba zan rubuta ba.
Raƙuma biyu a bakin hanya suka juyo suka dube ni.

Kafin in hango ruwan tabki fitila ta rufe ido.
Ban juya ba nan da nan.
Na ƙara kilomita bakwai, nawa ne waɗannan,
na sayi kifi biyu da kuɗina.

Abu ɗaya Nomau ya faɗa da ya tsaya mini:
wuta na cin baƙin, amma tana barin toka,
toka kuwa ba ta ƙonuwa sau biyu.
Kaɗan-kaɗan take cika gurbi,
shi ya sa tsakanin wuta da wuta ke raguwa
a tsohuwar rariya.

Na iso gari ana kiran isha.
Na rubuta a bayan littafin mai:
Alhamis, ɗari biyu da goma.
Na rataye makulli a ƙusarsa.