Ganga da Faifai

A Valparaíso ba a tambayar mota gudunta,
tsayuwarta ake tambaya.
Gari ne da aka rataye a jikin tsauni,
kowane titi na sheƙawa zuwa teku
kamar ana bin sa bashi.

Fijon mahaifina, ƙirar sittin da huɗu,
launin madarar da ta kwana,
ta girme ni da shekara tara.
Don Anselmo ya san halinta:
taku uku kafin kwana,
na farko gaisuwa, na biyu roƙo,
na uku take ji.

Ran nan, bayan ruwan Yuli,
gangunan suka sha suka ƙoshi, suka kurumce.
Ta wuce gidan burodi, ta wuce matakalar coci,
sai teburin Doña Eufemia ya tare ta.
Ba wanda ya ji ciwo sai kifi,
su kuwa dama sun riga mu gidan gaskiya.
Ya biya kuɗin.
Kwana biyu bai ci abinci tare da mu ba.

Na ce a sauya. Ya ce,
"Gangar da ta tsai da ni a ƙofar asibiti
daren da aka haife ki, ita za ki yar?"
Ban ce masa ƙafarsa ma ta rage ƙarfi ba.
Na dai je na ɗauko jak.

Ta hagu ta ƙi fita, tsatsa ta riƙe mata wuya,
sai da guduma da baƙar magana.
A ciki baƙin gari, sifirin biyu,
da takalman birki da suka suɗe har ƙusa ta leƙo.
Faya-fayan na samo wurin Baldomero mai gwangwan a Quilpué,
jikin wata ƙanwarta da aka daka ta baya,
gabanta kalau.
Na wanke su da fetur, na ɗaura muƙamuƙin da zai cije su,
sabon tiyo, sabuwar masta.
Wani noti ya ci mini fatar yatsa kafin ya zauna.
Shi yana bakin gareji, wai jarida yake karantawa,
shafi ɗaya tun safe.

Amma fitar da iska aikin mutum biyu ne.
Ni a ƙasa da sufana da kwalba,
dole wani ya zauna a sama.
Na ji kujera ta yi ƙara.
"Taka. Taka. Riƙe!"
Kumfa na fita, mai na biye.
"Saki."
Tunda nake ban taɓa ba shi umarni ya bi ba
sai yau, da ba ma ganin fuskar juna.

Da yamma muka fuskanci gangaren nan.
Ya kai takun farko, na gaisuwa,
motar ta tsaya cak.
Hularsa ta yi gaba ta bar shi.
Ya daɗe yana kallon jiragen ruwa a ƙasa,
sannan ya ce, "Ba ta da kunya yanzu."

Gangunan suna barandarmu.
Ya cika su da ƙasa, ya shuka barkono.
Na hagun ne ya fara tsiro.