Kariya

Shekara tara ina zuba adashi a ofis
kafin ta shigo hannuna, shuɗiya,
shuɗin ruwan Dadin Kowa da hantsi.
Ko yaro ne ya jingina da ita a Tumfure
sai in ji nauyinsa a haƙarƙarina.

Sai ga saƙon Baba daga Deba:
gwiwa ta ƙi, ya yarda zai dawo wurina,
amma inda ya sa ƙafa
nan kekensa zai sa taya.

Na auna but da igiya, bai ɗauka ba.
Kujerar baya kuwa, baƙin man sarƙa
ba ya jin maganar sabulu.
Na fita neman kariya,
kalma ɗaya, buƙata biyu:
wadda za ta ɗauki keke,
wadda za ta kare fenti.

Ta farko ta kan rufi ce, mai farce huɗu,
ƙarfe tsirara a kan ƙarfe mai riga.
Na ce a'a tun kafin a faɗi kuɗi.
Ta biyu mai ɗamara ce, ana rataya ta a baya,
ƙugiyoyinta shida, duk da hular roba,
amma na murza ɗaya da ɗan yatsa,
hular ta zame, haƙori ya fito.
Mai shago ya ce, "Alhaji, ba ta cizo."
Haka masu kare ke cewa.

Gidado mai walda a Jekadafari
ya zagaya motar sau biyu, bai taɓa ta ba,
daga nan na san na zo wurin mutum.
Ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashin bamba,
ya ce, "Abin da bai taɓa jiki ba, ba ya ƙujewa.
Daga ƙasa za mu ɗauro ta, a kan ƙashi,
mu bar tazarar tafin hannu tsakaninsu.
In ka ga kwarzane, ba nauyi ba ne,
rawar ƙarfe ce, da yashin da ya samu gurbi."
Ya yanka tsohon tiyub, ya naɗe kowace gaɓa,
ya ce in wanke bayan motar kafin tafiya,
in ɗaure feda, kada ta yi ta gaisuwa a hanya.

Asabar na isa Deba.
Baba ya turo shi da kansa, yana ɗingishi,
baƙin keke, sirdi ya sha faci,
ƙararrawar ta girme ni da shekara uku.
Ya dubi kariyar, ya girgiza ta,
ya dubi motar sama da ƙasa
irin kallon da ake wa baƙon da ba a sani ba.
Ya shiga ɗaki, ya fito da tsohuwar jallabiya,
ya yage ta gida uku,
ya naɗe kan keken, ya naɗe madigadi.
Na ce, "Baba, na gode, ka tuna da fentina."
Ya ce, "Fentinka?
Shekara arba'in da huɗu yana tare da ni,
ba zan bari motar jiya ta ƙuje min shi ba."

Muka taho a hankali, ramuka na ƙirga mu.
Kowane gargada sai mu waiga tare,
ni ina duban nawa,
shi yana duban nasa,
madubi ɗaya ya ishe mu.

A gida na bi ta da tocila, ba ko ɗigo.
Shi ma ya kwance tsummansa, ya shafa, ya yi hamdala.
Yanzu suna kwana a rumfa ɗaya,
tazarar tafin hannu a tsakaninsu,
kuma da asuba, in na fito da tsumma,
keken nake fara gogewa.